Daga Kurmi Zuwa Wuju-Wuju: Sunayen Jakara da Tarihin da Ke Cikinsu

GABATARWA

Duk wanda ya san birnin Kano ya san Jakara, amma ba kowa ne zai yarda a kira ta kogi ba. Yaron da aka haifa a bayan Kasuwar Kurmi a wannan zamani, abin da ya buɗe ido ya tarar shi ne wata doguwar magudana ta siminti, cike da ruwa mai wari da leda da tarkacen gari, wadda a wasu wuraren ma an rufe ta an shimfiɗa titi a bisanta. In aka ce masa a nan ne kurmin da mutanen Dala suke tsoro yake, sai ya zaci tatsuniya ake yi masa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi wannan magudana tun daga cikin ganuwa har zuwa inda ruwanta ya ɓace, ana tsintar sunayen da jama'a suka laƙaba mata da na unguwannin da ke gaɓarta, a duba ginin kowane suna ta fuskar harshe, sa'an nan a ga abin da yake faɗa game da zamanin da aka raɗa shi. Dalilin yin haka kuwa shi ne, sunan wuri yakan fi kamannin wurin daɗewa. Ana sare kurmi, ana cike kududdufi, ana rushe gada, amma sunan yana nan a bakin yaran mota da 'yan talla, waɗanda ba su taɓa tambayar ma'anarsa ba. Abin da nake so in nuna shi ne, sunayen da ke gefen Jakara wata taswirar ruwa ce da Kanawan dauri suka bar wa na yau, kuma ƙin karanta ta yana jawo hasara.

INDA TA TASO

Birnin Kano yana zaune ne a kan wani doron ƙasa wanda ya raba ruwan sama gida biyu. Wanda ya sauka a kudancin gari yakan gangara ya faɗa Kogin Calawa da Kogin Kano. Wanda ya sauka a tsohon birni da arewacinsa kuwa, Jakara ce take kwashe shi. Takan tattaro shi daga yammacin birni, wajen gindin Goron Dutse da gangaren Dala, ta bi ta gefen Kasuwar Kurmi ta nufi gabas, ta fita daga ganuwa ta shiyyar Ƙofar Mazugal da Ƙofar Wambai, ta shiga Fagge, sa'an nan ta karkata arewa maso gabas. A kan hanya ƙananan ƙoramu suna zuba a cikinta, irin su Gogau da Gwagwarwa da Rafin Malam da Getsi.

Abu na farko da mai nazarin harshe zai lura da shi shi ne sunan Jakara kansa. Yawancin sunayen unguwannin Kano a buɗe suke, da jin su an san inda suka dosa: Tudun Maƙera, Tudun Nufawa, Rijiya Huɗu, Zangon Barebari, Sharifai. Amma Jakara ba ta fasuwa a kunnen Bahaushen yau. Ba ta da ɗafa-goshin ma- mai nuna wuri, ba ta da ɗafa-ƙeyar -awa mai nuna jama'a, ba kuma sunan itace ko na sana'a ba ce. Ajinta ɗaya da Dala da Fanisau da Magwan. Sanannen abu ne a fagen nazarin sunaye cewa na duwatsu da na koguna su ne suka fi jimirin zama. Al'umma takan sauya addini, ta sauya sarauta, wani lokaci ma ta sauya harshe, amma ta bar waɗannan yadda ta same su. Yana da sauƙi mutum ya datsa kalmar biyu, ya ce "ja" ne da "kara", ya ƙago labarin da zai dace da su. Irin wannan fassara ta zaure tana da daɗin ji, sai dai ba ta tsaya wa mutum a gaban hujja. Rufewar sunan ita kanta shaida ce ta tsufansa.

KURMIN BAƘIN RUWA

Mafi tsufan laƙabin da ya iso gare mu yana cikin littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, labarinsa kuma ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi da Ingilishi a 1908, daga baya aka fitar da shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Bisa ga wannan littafi, a zamanin Barbushe, tun kafin zuwan Bagauda wanda ake lissafin sarautarsa daga shekarar 999, Jakara duhuwar itatuwa ce da ruwa, da wani tsibiri a tsakiyar ruwan. Ba a jin motsin kurmin sai in wata masifa ta doso ƙasa. Sa'an nan ne yakan yi ƙara sau uku, hayaƙi ya tashi daga tsibirin, a kawo baƙin kare da baƙin bunsuru a yanka. In ƙarar ta lafa, an tsira. In ta ci gaba, to, sai a shirya wa abin da ke tafe. Sunan da ake kiran wurin da shi kuwa Kurmin Baƙin Ruwa.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin wannan suna yana da tarko. Hausa tana da kalmomi uku waɗanda rubutun boko na farko ya cusa su cikin riga ɗaya. Akwai baki na fuska, wanda ake aronsa a ce bakin rijiya ko bakin kasuwa, watau gefe. Wasalinsa na farko dogo ne, karin sautinsa ƙasa-sama. Akwai baƙi na launi, mai gajeren wasali da karin sauti sama-sama. Akwai kuma baƙi jam'in baƙo, wanda ya yi tarayya da na farko a tsawon wasali da karin sauti, ya yi tarayya da na biyu a baƙin tsakiya. Kunne ba ya ruɗewa a kansu, takarda ce take ruɗewa. A 1908 ƙugiyar da muke sa wa ƙ ba ta shigo ba tukuna, sai a shekarun 1930 ta zauna a rubutu. Saboda haka wanda ya ga sunan a tsohuwar takarda yana iya karanta shi da k marar ƙugiya, ya fahimci kurmin da ke gefen ruwa, musamman da yake akwai unguwa a yankin Dala mai suna Bakin Ruwa. Abin da ya raba gardama shi ne, marubucin tarihin da kansa ya ba da dalilin sunan, ya danganta shi da baƙin da ruwan yake da shi. Ke nan sunaye biyu ne dabam-dabam: ɗaya yana siffanta ruwan, ɗaya yana faɗin inda mutane suka kafa gidajensu.

To, amma ko da mun tabbatar da ƙugiya, da sauran magana. Baƙin ruwa a bakin Bahaushe ba gurɓataccen ruwa ba ne. Ruwa ne zalla, garai-garai, wanda ba a dama kome a cikinsa ba. Shi ya sa in ana zagin marowaci akan ce ko baƙin ruwa ba a sha a gidansa. Wanda aka ɗan dama wa fura kuwa shi ne farau-farau. Bugu da ƙari, ruwa mai zurfi, kwantacce, wanda inuwar manyan itatuwa ta lulluɓe, baƙi yake a ido ko da ya fi kowane ruwa tsabta. A ganina wannan shi ne hoton da laƙabin yake ɗauke da shi: zurfi da duhu da kwarjini. Abin mamaki shi ne, bayan shekaru wajen dubu sunan ya sake dacewa da Jakara daram, amma da ma'anar da masu raɗa shi ba su nufa ba.

KASUWA DA GADA

Musulunci ya kafu a fadar Kano a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) ta hannun Wangarawa, tsafin kurmi kuwa ya riƙa ja da baya a hankali. Da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya hau, sai ya gina sabon gidan sarauta a kudu, ya kuma kafa kasuwa a gefen wannan wuri, tsakanin tsohon mazauni na Dala da sabuwar fada, inda ayari zai sami ruwan shayar da dabbobinsa. Kasuwar ta gaji sunan dajin da ta maye gurbinsa. Yau in an ce Kurmi a cikin birni ba wanda zai tuna da itace, sai dai sirdi da linzami da turare da kayan koli. Sunan gama-gari ya rikiɗe ya zama sunan yanka. Kalmar dai tana da sauran rai a wani gefen, domin har yanzu Bahaushe yakan kira ƙasashen kudancin Nijeriya Kurmi, saboda duhuwar dajinsu. Wato shi Bakano yana iya tashi daga Kurmi marar itace ko ɗaya ya tafi fatauci Kurmi, ba tare da ya ji wani saɓani a maganarsa ba.

Matafiyan Turawa biyu sun bar mana bayanin yadda wurin ya koma bayan an sare kurmin. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar da wata babbar fadama ta raba birnin kusan gida biyu daga gabas zuwa yamma, da wani siririn tudu da ya ratsa ta, a kansa kasuwa take ci, da damina kuwa ruwa yakan shafe shi. Heinrich Barth, wanda ya zo a watan Fabrairu na 1851, ya zana taswirar birnin ya sa Jakara a ciki da sunanta, ya kuma lura cewa shiyyar Dala, arewa da ruwan, Hausawa da fataken Larabawa suka fi yawa a cikinta, kudu kuwa Fulani masu mulki. Dukansu biyu sun koka da rashin lafiyar wurin. Wannan ya isa ya hana mu ɗora wa zamaninmu laifin duka, domin tun a ƙarni na 19 gari ya riga ya fara juya wa Jakara baya, yana zuba mata abin da ba ya so.

Ruwan da ya raba gari biyu tilas a nemi hanyar ƙetare shi, kuma a nan ma suna ya riƙe mana labari. Kusa da Kasuwar Kurmi akwai unguwa mai suna Alkantara. Kalmar Larabci ce, ma'anarta gada. Ba a raɗa wa unguwa suna gada sai da ruwan da ake tsallakewa. Tana da 'yar'uwa a nan kusa, watau Alfindiki, wadda ita ma daga Larabci take, ma'anarta masaukin fatake. Dukansu biyu sun shigo da al- ɗinsu a manne, kamar alƙali da almakashi da aljihu, abin da yake nuna cuɗanyar wannan yanki da mutanen Arewacin Afirka. Alkantara tana da takwarori a nesa. A ƙasar Sifen akwai gari mai wannan suna, wanda Larabawan Andalus suka kira shi haka saboda tsohuwar gadar Rumawa da suka tarar a wurin. A Masar ma akwai Alkantara a gaɓar mashigin Suwes, a kan tsohuwar hanyar ayari zuwa Sham. Kalma ɗaya ce ta bi fatake ta sauka a nahiya biyu, ko'ina kuwa a bakin ruwa.

Sai kuma Makwarari, wadda Bahaushiya ce tsantsa. Saiwarta kwarar- ce ta aikatau kwarara, aka sa mata ma- a goshi da -i a ƙeya, kamar yadda aka gina mashigi da mazauni da masallaci. A zahirin kalma ma'anarta inda ruwa yake kwarara. Mai neman gida a unguwa mai irin wannan suna an riga an gaya masa abin da zai gani a watan Agusta.

FAMFO DA SIMINTI

Har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, Jakara ruwan damina ce. Takan cika ta tumbatsa a tsakiyar damina, da rani kuwa ta tsinke ta koma jerin tafkuna. Tana da mataimaka, watau kududdufan da aka haƙa ko'ina a cikin birni domin ɗibar ƙasar gini. Su ne suke tare ruwan sama su riƙe shi, wani ya nutse cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, ragowar ta gangara sannu-sannu.

Abin da ya sauya halinta shi ne famfo. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), aka jawo ruwa daga Kogin Calawa, aka hau da shi tanki a kan Goron Dutse, daga nan yake sauka cikin gari. Mai karatu zai tuna da doron ƙasar nan da muka ambata. Ruwan da aka ɗebo daga kudancinsa, in an gama wanka da wanki da shi a cikin birni, ba ya komawa inda ya fito, arewa yake gangarawa ya faɗa Jakara. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ga kuma rijiyoyin burtsatse da suka yawaita, ga jama'a ta ninka ta sake ninkawa, sai ƙoramar da take ƙafewa da rani ta koma mai gudu shekara zagaye. Sai dai abin da yake gudun ba ruwan sama ba ne.

Harshe bai yi jinkirin lura da wannan ba. Hausa tana da wadatar kalmomin ruwa: kogi, gulbi, rafi, ƙorama, fadama, tafki, kududdufi, marmaro, kowace da gwargwadon girma da halin ruwan da take nufi. Amma da aka zo aka miƙar da Jakara, aka yi mata gado da bango na siminti a shekarun bayan samun mulkin kai, ba ko ɗaya daga cikinsu da mutanen birni suka ga ta dace da ita. Sai suka koma ga kwata da kwalbati da lambatu. Kwalbati aro ce daga Ingilishi, lambatu ma ana mai da asalinta ga yadda ake faɗin lamba ta biyu a wannan harshe. Ita kuwa kwata tana da wata tagwaiyarta a lafazi, domin babbar mahautar Kano da ke wajen Ƙofar Mazugal ita ma Kwata ake ce mata, kuma jini da tumbin da ake wankewa a can cikin Jakara suke ƙarewa. A wannan gaɓa dai kwata ce take zuba a cikin kwata.

Kada a raina wannan sauyin kalma. Rafi yana da haƙƙi a al'adar Bahaushe: ana sha, ana alwala, ana hana yaro ɓata shi. Kwata ba ta da haƙƙin kome. Ranar da mutum ya fara kiran ruwa kwata, ranar ya ba kansa izinin juye masa shara, ba kuwa zai ji kunya ba. Sunan Jakara kansa ya tsere daga ruwan ya koma kan gine-gine. Yau in wani ya ce an kai ɗansa Jakara, ofishin 'yan sanda yake nufi.

Siminti yana da nasa amfani, domin yana hana zaizaya, yana kuma fitar da ruwa da sauri. Amma ya raba Jakara da ƙasar da take tsotse ta, a daidai lokacin da ake cike kududdufai ɗaya bayan ɗaya ana gini a kansu. Ruwan da a da yake da masauki ɗari sai ya zama yana da hanya ɗaya tak. In ta toshe, cikin gidaje zai kwana. Ambaliyar watan Agusta na 1988, wadda ta ɓalle madatsar Bagauda ta kuma rusa gidaje masu yawa a Kano, ta nuna abin da ruwan kwana biyu yake iya yi wa garin ƙasa.

WUJU-WUJU

Laƙabin da ya fi kowanne tashe a 'yan shekarun nan shi ne Wuju-Wuju. Ta fuskar nahawu amsa-kama ce mai cikakken ninki, 'yar gidan su kaca-kaca da fata-fata da rugu-rugu. Akan ce an yi wa ɗaki wuju-wuju in an hargitsa shi, ko an yi wa mutum wuju-wuju in an wujijjiga shi an bar shi a yamutse. Ba kasafai amsa-kama take zama sunan wuri ba. Sunan wuri yakan fito ne daga itace ko dutse ko sana'a ko sunan wanda ya fara zama. In aka ga jama'a sun ɗauki kalmar hargitsi sun manna wa wuri, to, ba suna kaɗai suka raɗa ba, hukunci suka yanke.

Sunan ya shiga jaridu ne tare da aikin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara a 2013, na rufe magudanar a ɗora titi a kanta, tun daga yammacin birni har zuwa Kwarin Gogau a Fagge. A takarda aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau ne. A bakin mutane titin Wuju-Wuju ne, har hukuma ita ma ta bi su. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. An sa wa Kasuwar Sabon Gari sunan Muhammadu Abubakar Rimi, amma ba mai hawa mota ya ce a sauke shi a nan sai da tsohon suna. Haka kuma A Daidaita Sahu, sunan wani shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Ibrahim Shekarau, jama'a suka ɗauke shi suka ba babur mai ƙafa uku, shirin ya wuce, sunan ya zauna. Aikin titin ya tsaya shekaru bayan 2015, wani sashe a rufe wani a buɗe, har maganarsa ta koma hannun gwamnatin tarayya. A tsawon wannan lokaci laƙabin ya ƙara samun abin da zai siffanta.

Masu goyon bayan rufewa suna da hujjoji waɗanda ba a ture su da hannu ɗaya: sauro da wari da yaran da suke faɗawa ciki, ga cunkoson tsohon birni wanda lungunansa ba a yi su domin mota ba. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin da tagarsa take kallon Jakara ba, bai kamata ya yi saurin yi musu wa'azin tarihi ba. Abin tsoro dai shi ne, magudanar da ido yake gani ma ba a iya yashe ta a kan kari ba, balle wadda take ƙarƙashin kwalta. Sa'an nan in ruwa ya ɓace wa ido, tunaninsa ma yakan ɓace, sai mai fili ya manta a ina yake gini.

A nan ne kalmar kwari take da muhimmanci. Kanawa sun raba ƙasar garinsu tsakanin tudu da kwari, sun kuma rubuta rabon a cikin sunaye: Tudun Wazirci da Tudun Wada a gefe ɗaya, Kwarin Mabuga da Kwarin Gogau da Kantin Kwari a ɗaya gefen. Kantin Kwari, wadda a da unguwar 'yan kasuwar Sham da Labanan ce, ta zama babbar kasuwar tufafi wadda ake zuwa sari daga Nijar da Cadi da Kamaru. A daminar 2022 ruwa ya shiga cikinta ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na dukiya mai yawa, 'yan kasuwa kuwa suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa hanyoyin ruwa. Rabin sunan kasuwar kanti ne, shi kowa ya riƙe. Ɗaya rabin ne ya zo karɓar bashinsa.

Ba Kano ce ta fara binne ruwanta ba. A Landan akwai wani rafi mai suna Filit wanda ya lalace ya zama juji, aka rufe shi kashi-kashi a ƙarni na 18 da na 19. Yana nan yana gudu a ƙarƙashin gari a matsayin magudanar ƙazanta, sunansa kuwa ya koma kan titin da ya shahara da gidajen jaridu. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, an rufe rafin da ya ratsa tsakiyar gari an ɗora masa babbar hanya, amma tsakanin 2003 da 2005 aka rushe hanyar aka sake buɗe shi, da kuɗi masu yawa. Kano ta kama hanyar Landan ne a daidai lokacin da wasu suke dawowa daga gare ta.

BAYAN FAGGE

Titi bai bi Jakara har ƙarshe ba. Da ta bar Fagge takan bi ta gefen Sabon Gari da unguwar da ake kira Nomansland, sunan Ingilishi mai nufin ƙasar da ba ta kowa ba, wanda yau ya zama abin dariya saboda ba taƙin da ba shi da mai shi. Daga nan ta ratsa ƙarƙashin titin filin jirgin sama. A wannan yanki, wajen Kwakwaci da abin da ya yi gaba, ruwan da birni ya tofar yakan sami masu marhabin da shi. Masu lambu sun jera a gaɓa da injinan ban ruwa, suna noman latas da kabeji da karas da alayyafo da albasa rani da damina. A wurinsu ba kwata ba ce. Mai zuwa aiki a nan rafi yake cewa za shi, kamar yadda kowane mai noman rani yake faɗa a ƙasar Hausa. Ruwa ɗaya ne, tsakanin mai zubarwa da mai ɗiba tafiyar sa'a guda ce a ƙasa, amma sunan ya koma na mutunci.

Wannan mutunci yana da nasa haɗari. A gaba kaɗan Getsi takan shigo da ruwan da ya fito daga unguwar masana'antu ta Bompai, inda aka kafa majemun zamani da masaƙu, ko da yake da yawa daga cikinsu sun rufe. Inda ƙoramun biyu suka haɗu ana kiransa Magami, ginin kalma ɗaya da Makwarari, daga aikatau gama. Binciken da malaman kimiyya na Jami'ar Bayero da wasunsu suka yi a kan wannan ruwa ya sha nuna darma da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi, a ruwan da ƙasar lambun. Ganyen kuwa kasuwannin birni ake kai shi, ya koma teburin waɗanda suka aiko da ruwan.

A Wasai, cikin ƙasar Minjibir, aka tare ta da madatsa a 1976, ɗaya daga jerin madatsun da Jihar Kano ta ɗauko ginawa tun zamanin Gwamna Audu Bako (1967–1975). A takardun hukuma madatsar Jakara ce, a bakin masunta da manoman wurin dam ɗin Wasai ne. Sunan ƙauye ya rinjayi na kogi. Abin da ya tsallake madatsar yakan ci gaba arewa maso gabas, inda dutsen da Kano take zaune a kai ya nutse, rairayi ya hau kansa. A lissafin masana Jakara 'yar gidan Tafkin Cadi ce, amma ba ta isa can. Kwarinta yakan baje, ruwan ya tsotse cikin yashi.

Irin wannan ƙasa ta jigawa ce ta miƙe har Gagarawa da Gumel da Sule Tankarkar da Maigatari a kan iyakar Nijar, waɗanda duk cikin Jihar Kano suke kafin a yanke Jigawa a 1991. A can ba kogi mai gudu, ruwa yana ƙarƙashin ƙasa, sai an bi shi da guga da doguwar igiya, ko a jira tafkin damina wanda yakan ƙafe kafin hunturu ya fita. Ɗan cin rani da ya taso daga wannan yanki ya sauka Kano, ya ɗauki kurar ruwa yana turawa cikin lungunan Bakin Ruwa da Makwarari, yakan tsallake Jakara sau da yawa a yini, jarkokinsa cike da ruwan da aka saya a wani wuri.